Irin da Ke Cikin Tulun Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina miƙo maka gaisuwa mai yawa tare da ban girma, ina kuma roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka lafiya ƙalau, kai da Uwar Tagwaye da yaran gaba ɗaya. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya tsare ka a kan tsanin da kake hawa kana shafa wa gidajen mutane fenti, ya sa albarka a cikin abin da kake samu. Mu nan alhamdu lillahi, da ranmu da sauran lafiyarmu. Gwiwar Baba ta matsa masa saboda sanyin ƙasa, amma ka san halinsa, ko sandarsa ba ya son a miƙa masa. Inna tana fama da tari, ni kuma ina fama da Inna, don ba ta yarda ta zauna wuri ɗaya. Babbar 'yata Aku tana nan da surutunta, Auta kuma ta fara tafiya, sai dai ba inda za ta sa ƙafa sai laka. Maigidana ya tafi neman aikin ƙarfi tun da hanya ta fara buɗewa, ya aiko cewa ya isa lafiya.

Kada ka yi mamakin ganin takarda maimakon kiran waya. Wayata ta sha ruwa ta mutu, ta Kawu kuwa idan na ara sai dai in yi magana a tsakiyar mutane, don yanzu dukkanmu a ɗaki ɗaya muke kwana muke tashi. Maganar da ke cikina ba ta gaban Baba ba ce. Ina rubuta maka ne a bayan ragowar katangar kicin, na kifa turmi na ɗora takardar a kai. Idan ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri, na kasa zaune na kasa tsaye, da na ji motsi sai in ɓoye takardar a zani in leƙa. Direban da ke kai kaya wajenku ya ce zai karɓa idan na gama kafin ya gama lodi, shi ya sa nake sauri.

Na san ka ji labarin ruwan a sama-sama, to bari in ba ka shi yadda ya same mu. An yi kwanaki ana zuba ruwa ba ƙaƙƙautawa, mu kuma muna ta murna, muna cewa bana gona ta ƙoshi. Wata safiya ina shara sai na ga ruwa yana shigowa ta magudanar da ya saba fita. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina kallonsa kamar sakara. Kafin in kira Inna ya rufe mini idon sawu, kafin rana ta take ya kai gwiwa. Kogi ne ya cika ya haura, ya bi ta fadama ya shigo gari. Gidanmu ni da maigidana shi ya fara zubewa, muka kwaso yara da tabarmi muka gudo gidan Baba. A nan ma ɗakin Inna ya tafi, kicin ya tafi, katanga ta kwanta. Ɗakin Baba kaɗai ya tsaya, saboda shi ne a kan tudu, ɗakin nan da kake yi masa tsiya kana cewa sai mutum ya yi guzuri kafin ya hau shi. Gonar kwari kuwa, wadda dawarta ta riga ta fid da kai muna lissafin sauran kaɗan a yanka, ta yi kwanaki a ƙarƙashin ruwa. Da ruwan ya sauka, kara ne kwance baƙi ƙirin, yana wari.

Abin da ya karya mana gwiwa shi ne rumbu. Ka tuna a kan duwatsu yake zaune, muna ganin ruwa ba zai kai gare shi ba. Ruwan bai hau shi ba, ƙasar da ke ƙarƙashin duwatsun ya cinye, rumbun ya karkata a hankali muna kallo, ya zauna cikin ruwa ya fashe. Dama abin da ya rage a ciki ba yawa, ka san yadda rumbu yake a ƙarshen damina, kowa yana lallaɓawa ne ya kai kaka. Muka shiga ruwa har ƙugu, ni da Inna da Kawu, muka tsamo dammunan da muka iya. Muka baza su a kan rufin kwano muna jiran rana, rana ta ƙi fitowa. Wasu suka yi tsiro a zangarniyarsu, wasu suka yi fumfuna har kaji suna juya musu baya. Wanda ya ɗan yi dama muka sheƙe muka ci, ya ba yara ciwon ciki, muka ci gaba da ci don ba wani. Haka muka rasa tsohon hatsi da sabo a mako ɗaya, Yaya.

Duk wannan hidimar da ake yi, Baba abu ɗaya ya ɗauka. Bai nemi rediyonsa ba, bai nemi rigunansa ba. Tulun iri ya ciro daga ɗakin Inna, ya ɗora a ka, ya ratsa ruwa da gwiwar nan tasa, ya kai shi ɗakinsa ya ajiye a kan benci a lungu. Ba sai na gaya maka abin da tulun nan yake a wurinsa ba. Ka tuna yadda yake zaga gona kafin girbi, yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, yana ɗaura mata tsumma don kada a haɗa ta da sauran. Da hannunsa yake murza ta, ba ya bari a sa ta a turmi. Ya gauraya da toka saboda ƙwari, ya zuba a tulu, ya liƙe bakin da yumɓu. 'Yar gajeriyar jar dawarmu ce mai saurin nuna, wadda ya ce daga hannun mahaifinsa ya karɓa. Tun ranar da ruwa ya ci gonar yake gaya mana kada hankalinmu ya tashi, wai idan ruwa ya janye daga fadama zai bar danshi, ita kuwa 'yar gajeriya danshin nan ya ishe ta, za ta nuna kafin ƙasa ta bushe. Kullum da safe sai ya shafa tulun da tafin hannu kafin ya ɗauki sanda ya tafi duba inda ruwa ya kai.

To, sai yunwa ta shigo. Ban san yadda zan kwatanta maka ita ba, don mu da muka tashi tare ba mu taɓa ganin irinta ba. Masu taimako sun zo sau ɗaya da kwalekwale, aka ba kowane gida 'yar shinkafa da bargo, shinkafar ba ta daɗe ba. Maƙwabtan da a da idan ka rasa za ka aika musu kwano, yanzu su ma kwanon suke riƙe da shi. Hanya a yanke, kasuwa ba ta ci. Kawu yana kamo ƙananan kifaye a inda gonarsa take a da, muna haɗawa da ganyen da ruwa ya bari. Mu manya muna iya daurewa, mu sha ruwa mu ɗaure ciki. Aku ta rage surutu, na ce to, abu ya kai. Amma abin da ya tsinka mini zuciya Auta ce. Da farko kuka take yi ba dare ba rana har ina yi mata faɗa. Daga baya ta daina kukan, sai ta kwanta a cinyata tana kallona da idanu kawai, nonona kuma ba komai a ciki. Wallahi na gwammace kukan.

Inna ce ta fara faɗa, ni kuma ban hana ta ba, don abin da ke raina ke nan. Ranar da Baba ya fita duba fadama, ta kalli Auta ta kalli tulun, ta ce ita dai ba za ta binne jikarta ba alhali da hatsi a ɗaki, in ma tsinuwa ce ta ɗauka a kanta. Na tsaya a bakin ƙofa ina gadi, ita ta sa wuƙa ta ɓanɓare yumɓun. Muka ce rabi kawai za mu ɗiba, rabin ya isa shuka idan aka yi tsimi. Na wanke dawar na sake wankewa har hannuna ya yi fari, don in fitar da tokar, na daka a hankali kada a ji ƙarar turmi, Inna ta dama wa yara, ta dafa sauran. Da Auta ta haɗiyi cokalin farko ta kama hannuna da hannayenta biyu tana jan cokalin, sai da na juya baya na share ido. Rabin nan bai kai mu ko'ina ba. Hanya ba ta buɗe ba, ba wanda ya zo. Muka koma wa tulun a karo na biyu, muna cewa kaɗan za mu ƙara, har na ji yatsun Inna suna kankarar gindinsa. Sai muka cika shi da busasshen yashi don ya yi nauyi, ta kwaɓa yumɓu ta liƙe, ta barbaɗa masa toka ya yi kamar tsoho, muka juya shi yadda yake. Ba mu kalli juna ba har rana ta faɗi.

A ranar farko da muka dafa, mun zuba wa Baba nasa a kwanonsa, Inna ta ce masa wata ƙawarta ce ta sam mana. Ya sa hannu ya kai loma ɗaya. Ita kuwa Aku, da cikinta ya ɗan ɗauka bakinta ya dawo, sai ta ce wai abincin yau ɗanɗanon murhu yake yi. Inna ta make mata baya ta ce ta ci ta yi shiru. Muka dogara da cewa kunnen Baba ya yi nauyi, ga shi kuma bai ɗago kai ba. Ya daɗe yana tauna lomar nan, sannan ya wanke hannu ya tura wa yara kwanon, ya ce cikinsa ne ba daɗi. Duk kwanakin da muka yi muna cin dawar nan haka ya riƙa yi, kullum ciki ba daɗi, sai ruwan kifi yake kurɓa. Ni da wautata har jiƙo na nemo masa. Bayan da tulun ya ƙare da 'yan kwanaki hanya ta buɗe, maigidana ya tafi ya aiko da 'yar masara, da ita muke lallaɓawa yanzu. Kullum ina cewa da mun ƙara daurewa kaɗan, sai kuma in kalli Auta tana tafiya tana faɗuwa.

Yanzu ga inda muke. Ruwa yana janyewa daga fadama, gefen da ke kusa da tudu har ya fara ɗaukar ƙafa. Danshin nan ba zai jira kowa ba, 'yan makonni ne ƙasa ta tsage. Baba ya sa wa sungumi sabuwar ƙota, ya jingine shi a bakin ƙofa. Kawu da mutanen gidaje biyu na maƙwabta, waɗanda nasu irin ya tafi da ruwa, duk sun sa rai da tulun nan, don tun farko Baba ya yi musu alkawarin kowa zai samu ko tafi ɗaya ne. Jiya matar maƙwabcinmu ta tare ni tana yi wa Baba addu'a, na amsa da amin na wuce da sauri. Na je kasuwa a ɓoye na duba. Dawar da ake sayarwa doguwa ce ta damina, wadda take son ruwan sama wata da watanni. Ka tuna shekarar da Kawu ya gwada irin kasuwa a fadama, ta yi tsawo ta fi shi, ta bushe a tsaye ba ƙwaya ko ɗaya. Na bi ƙauyukan da ke kusa ta bakin mata ina tambaya, duk wanda muka taɓa ba 'yar gajeriya ko ruwa ya ci ko su sun ci. Idan danshin nan ya wuce ba mu shuka ba, ba abin da za mu sa a baki daga gonarmu sai wata kakar, ga shi babu abin sayarwa, awaki biyu sun tafi da ruwa, ta ukun mun riga mun rabu da ita. Ina kwana ina tashi da wannan lissafin.

Shekaranjiya ina wanke bokiti sai ka faɗo mini a rai, har bokitin ya suɓuce. Yaya, gonarka! Ka tuna ranar da za ka bar gida, Baba ya ƙulle maka dawar nan a tsumma ya sa maka a aljihu, ya ce ko ba ka shuka ba ka riƙa tunawa da inda ka fito. Kai kuma ka ɗauki abin da gaske, ka jera tsofaffin bokitan fenti a bayan ɗakin hayarka, ka huda gindinsu ka cika da ƙasa, kana shukawa duk damina. Zuwanka na ƙarshe ka nuna mana hotonsu a waya, muka yi ta dariya har Inna tana riƙe ciki. Ni ce na sa maka suna babban manomin bokiti. Baba ya fi kowa tsiya, ya ce ka faɗa masa ranar girbi ya aiko maka da amalanke da 'yan ƙwadago, kada amfanin ya fi ƙarfinka. Kai dai murmushi ka yi, ka ce kana ɗaura wa mai kyau tsumma kamar yadda yake yi, kana rataye ta a ɗaki har Uwar Tagwaye tana ƙorafin tana jawo mata ɓera. Na janye dariyata duka, Yaya, ka yafe mini. Idan lissafina daidai ne, ta bana ta isa yanka ko ta kusa.

Don Allah, don darajar iyayenmu, duk abin da bokitan nan suka ba ka, ka aiko mana. Har da na bara idan akwai ragowa a rataye. Kada ka ce ya yi kaɗan. Zangarniya ɗaya ƙwayarta ba ta ƙirguwa, idan muka sa bibbiyu a rami za ta rufe wuri mai dama. Na san ba za ta cika rumbu ba, rumbun ma babu shi, amma za ta ba mu abin da za mu riƙe rai, ta kuma dawo mana da irin. Kada ka murza, ka bar ta a zangarniyarta, ka naɗe a takarda ko tsumma, kada ka sa a leda ta yi gumi. Ka ba direban nan hannu da hannu, ka ce masa ni zai kawo wa, ba Baba ba. Kuma kada ka aiko da kuɗi a madadinta, na san halinka, za ka ga kamar kuɗi sun fi, to ba inda za mu saye ta. Abin da ke hana ni sukuni shi ne ban sani ba ko bana ka shuka. Wataƙila aiki ya yi maka yawa, wataƙila mai gidan hayar ya hana, ko tsuntsaye sun riga mu, ko Tagwaye sun fasa bokitan da ƙwallo. Ina tunanin wannan in bar shi in kama wancan. Idan babu, ka gaya mini gaskiya da wuri, in san yadda zan tsaya a gaban Baba kafin ya fasa yumɓun nan a gaban mutane.

Ka gaishe mini da Uwar Tagwaye da kyau, ka ce mata ina ba ta haƙuri a kan ɓerayen, Allah ya saka mata. Ka shafa mini kan Tagwaye, da 'yar lelenka Gimbiya, ka ce Gwaggo tana nan tana tunawa da su. Inna tana gaishe ka, ta san ina rubutun nan, tana can bakin ƙofa tana yi mini gadi kamar yadda na yi mata. Kawu yana gaisuwa. Aku ta ce a gaya maka ta iya kama kifi da zani.

Na tsaya a nan da niyyar rufewa, na tashi in nemo abin da zan naɗe takardar, sai na yi kiciɓis da Baba ya dawo daga fadama da laka har ƙwauri. Ya ga takardar a hannuna kafin in ɓoye. Ya tambaye ni ko kai nake rubuta wa, na ce e, gaisuwa ce kawai. Ya daɗe yana kankare lakar ƙafarsa da sanda. Sannan ya ce in gaishe ka, in sa maka albarka, kuma in tambaye ka ko gonarka ta yi kyau bana. Na tsaya ina jiran ya kawo zancen amalanke mu yi dariya. Bai yi dariya ba, Yaya. Ya ce in gaya maka idan ka yanka kada ka murza, ka bar ta a zangarniyarta, ya wuce ya shiga ɗaki.

Na dawo kan turmin na zauna. Sai yanzu na tuna rabon da in ga ya shafa tulun nan da safe tun ranar da ya kai lomar farko. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana gauraya irinsa da toka, mu ne za mu ɓoye masa ɗanɗanonta? Ba ciwon ciki yake yi ba. Ya sani tun ranar, ya kasa ci, ya kuma kasa hana jikokinsa, ya bar mu da rufin asirinmu. Ƙotar da ya sa wa sungumi ba don tulun ya sa ta ba, kai yake jira.

Direba yana ta danna oda. Allah ya sa ka shuka, Yaya.

Ƙanwarka,
Uwar Aku